Haƙori Ɗaya Kan Sauya Halin Babur: Yadda Ake Zaɓar Sufroket A Wasan Tirayal

A yawancin wasannin babur, wanda ya riga isa shi ne gwani. Wasan tirayal, wanda ya samo asali a Birtaniya, ba haka yake ba. Mahayi zai bi da babur ta kan duwatsu da kututtura da cikin rafi, yana tsaye domin babur ɗin ba shi da wurin zama, alƙali kuma ƙafarsa yake kallo. Ya dafa ƙasa sau ɗaya, a rubuta masa maki ɗaya na laifi. Ya faɗi, maki biyar. Mai mafi ƙarancin maki shi ke cin gasa. Saboda haka ana son babur ya iya rarrafe a hankali ba tare da injin ya mutu ba, kuma da an murɗa totur ya zabura ya haye dutse. Wani babban ɓangare na wannan hali yana hannun farantai biyu masu haƙora da sarƙa ke bi ta kansu, wato sufroket: ƙarami a bakin inji, babba a tayar baya.

Lissafin bai fi ƙarfin kalkuletar waya ba. A raba haƙoran na baya da na gaba. Babur mai 11 a gaba da 42 a baya yana ba da 3.82, ma'ana ƙaramin zai juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Lambar tana ƙaruwa, ƙarfin ja a taya yana ƙaruwa, gudu yana raguwa. Injin dai shi ne, ba a ƙara masa komai ba. An karɓi gudu ne aka biya da ƙarfin ja.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ɗaukar haƙori ɗaya a gaba daidai da haƙori ɗaya a baya. A sauke na gaba daga 11 zuwa 10, lambar ta tashi daga 3.82 zuwa 4.2, ƙarin kashi 10 cikin ɗari ke nan. A bar na gaba a 11 a ɗaga na baya zuwa 43, sai a samu 3.91, ƙarin bai kai kashi 3 ba. Wato haƙori ɗaya a gaba ya yi kusan huɗu a baya. Na gaba na babban sauyi ne, kuma ya fi araha. Na baya na gyaran ƙarshe ne, bayan an kusa samun abin da ake so.

Sabon shiga da babur ke fizgarsa a kwana mai matsi yakan amfana da rage haƙori ɗaya a gaba. Giya ta ɗaya za ta yi sanyin tafiya, ya samu lokacin duba inda zai ɗora tayar gaba, ya kuma rage wahalar da kulochi. Sai dai ba kullum ƙasa ta fi ba, kuma nan ne ake asarar maki. Ƙarfin ja mai yawa a kan laka ko dutse mai gansakuka yana sa taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, duk da cewa tayar baya ta tirayal iskarta kaɗan ce, wajen fam 4, don ta kama ƙasa. Shi ya sa ƙwararru kan shiga santsi da giya ta biyu ko ta uku. A hawa mai tsawo kuma, giyar da ta yi gajarta takan ƙare kafin a kai sama: inji na kuka, babur ya daina ƙara gudu, sauya giya a tsakiyar hawan kuwa sau da yawa ƙafa ce a ƙasa.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Sufroket yana sauya dukkan giyoyi ne tare. Akwatin giyar waɗannan babura, irin su Beta Evo, GasGas TXT da Montesa Cota 4RT, an tsara shi da giyoyin farko kusa da juna don cikin filin gasa, na ƙarshe kuma can nesa don hanya. Idan aka ɗaga lambar sosai, giya ta ɗaya na iya zama marar amfani, ta biyu ta koma yin aikinta. Wani mahayin abin da yake so ke nan, wani kuwa giya guda ya yi asara. Mai shiga gasar kwana shida ta Sikotland da ake yi a yankin Fort William, inda ake cin sama da kilomita 100 a rana tsakanin titi da daji da tankin da bai kai lita 3 ba, dole ya yi tunanin giyar ƙarshe ma.

Ƙarfen kansa yana da iyaka. Sufroket na gaba mai haƙora 9 yana lanƙwasa sarƙa da yawa, kuma haƙora kaɗan ne ke ɗaukar nauyin, don haka yana saurin cinyewa, sarƙar kuma ta riƙa gugar robar da ke kan hannun tayar baya. Na baya idan ya yi girma yana matsowa kusa da duwatsu, dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. A gasannin da ke bin dokokin hukumar FIM, ba a yarda da na baya mai ramuka a buɗe ba, sai an rufe shi, saboda yatsun mahayi idan ya faɗi.

Sai tsawon sarƙa. Baburan tirayal na manya lamba 520 suke amfani da ita, mai tazarar kusan milimita 15.9 tsakanin kowane gaɓa biyu, ba 420 ko 428 na ƙananan baburan haya ba, kuma sufroket ɗin wannan ba ya shiga wancan. Kowane haƙori da aka ƙara yana jawo tayar baya gaba da kimanin milimita 4, wanda aka rage kuma ya tura ta baya da haka. A ƙara huɗu a baya, wurin daidaitawa na iya ƙarewa, sai an ƙara gaɓa biyu. Tayar da ta matso gaba tana sa kan babur saurin ɗagawa, har mutum ya ɗora wa giya laifin da na tsawon babur ne.

Hanyar da ta fi ita ce a ƙirga haƙoran da ke jiki da hannu, domin babur na hannu ba lallai yana ɗauke da na kamfani ba. A sauya abu ɗaya kawai, a koma kwana ɗaya mai matsi da hawa ɗaya mai tsawo da aka saba da su, a gwada. Idan haƙoran tsohon sun fara lanƙwashewa kamar ƙugiya, a sauya sarƙa da sufroket biyun tare, domin tsohuwar sarƙa ba ta daɗewa take cinye sabon sufroket.