Kwandalar Dala 20 Da Aka Sayar Dala Miliyan 18.9

Ranar 8 ga watan Yunin 2021, a zauren gwanjo na kamfanin Sotheby's da ke birnin Niyok, an sayar da kwandala guda ɗaya tak a kan dala miliyan 18.9. Faɗinta milimita 34, nauyinta giram 33.4, a jikinta kuma an rubuta dala ashirin. Da za a kai ta wurin maƙerin zinare ya narke ta a ranar, abin da zai biya bai kai dala dubu biyu ba. To, sauran miliyoyin kuɗin mene ne? Kuɗin amsar tambayoyi uku ne da duk mai sayen tsohuwar kwandala yake yi kafin ya sa hannu a aljihu: ta gaske ce, wane hali take ciki, kuma ta wace hanya ta iso hannun mai sayarwa.

Sunanta Double Eagle ta 1933. A shekarar, gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya buga guda 445,500, gaba da hoton mace riƙe da tocila da reshen zaitun, baya kuma mikiya tana shawagi, zanen Augustus Saint-Gaudens. Sai dai ba su taɓa shiga kasuwa ba. Tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mutane na ta kwashe zinare daga bankuna, shi ya sa a watan Afrilu Shugaba Franklin Roosevelt ya hana jama'a ɓoye zinare. Aka ba da umarnin narke sababbin kwandalolin, aka ware biyu don gidan tarihi na Smithsonian. Amma wasu 'yan kaɗan sun sulale ta bayan gida, suka bi ta hannun wani mai sayar da kayan ƙawa a Filadelfiya, Israel Switt.

Ɗaya daga cikinsu ta faɗa hannun Sarki Faruk na Masar, mutumin da ya shahara da tara kayan alatu. A 1944 wakilansa suka nemi takardar izinin fitar da ita daga Amurka, baitulmali kuma ya sa hannu bisa kuskure, 'yan kwanaki kafin jami'an tsaro su farga cewa kayan sata ne. Waɗanda aka gano a hannun masu tarawa an karɓe an narke. Ta Faruk ta riga ta tsallake teku. Bayan juyin mulkin 1952 an sa ta cikin kayan sarkin da aka yi gwanjonsu a Alƙahira a 1954, Amurka ta nemi a janye ta, aka janye, daga nan sai ta yi ɓatan dabo na shekara arba'in da 'yan kai.

Mu koma kan tambaya ta farko: kafin a yi maganar farashi, sai an tabbatar da cewa kwandala ba jabu ba ce. Mai tantancewa ba ya riƙe ta a tafin hannu. Da gefe yake kama ta tsakanin ɗan yatsa da babban yatsa, a kan tabarmar yadi mai laushi, don gumin hannu kaɗai yana iya barin tabon da ba ya fita. Zai ɗora ta a ma'aunin da ke karanta kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ya auna faɗi da kauri, ya haska ta da na'urar da ke faɗin ƙarafan da ke ciki. Double Eagle dole ta nuna kashi 90 zinare, kashi 10 jan ƙarfe. Sannan ya sa madubin ƙara girma. Kowane hatimin ƙarfe da aka buga kuɗi da shi yana da nasa ƙananan ƙarzuna da tsaga, kuma yana barin su a jikin duk kwandalar da ya buga, kamar zanen yatsa. Wanda ya zuba narkakken ƙarfe a zubi ba zai iya kwaikwayon wannan ba. Aikinsa yakan fito da 'yan ƙuraje da rubutu mai dushi-dushi.

Wani lokaci maganaɗisu ma ya isa. A 1943, saboda yaƙi, Amurka ta buga santi ɗaya da baƙin ƙarfe, amma wasu 'yan ƙwayoyi na tagulla suka fito bisa kuskure, har aka sayar da ɗaya dala miliyan 1.7 a 2010. Mazambata sukan shafa wa na ƙarfen ruwan jan ƙarfe, maganaɗisu na taɓa shi sai ya manne. Wasu kuma sukan kankare lambar 8 a na 1948 ta koma 3.

Mataki na biyu shi ne maki. A 1949 William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70: ɗaya ita ce wadda ta side har da ƙyar ake gane ta, daga 60 zuwa sama kuma waɗanda ba su taɓa yawo a hannun jama'a ba. Kamfanoni biyu ne suka fi riƙe wannan aiki, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Masana fiye da ɗaya ke dubawa, kowa shi kaɗai, sannan a rufe kwandalar a cikin ƙwanson roba mai lamba da maki. Tazarar maki ɗaya kan ninka farashi. Abin takaicin da ya fi yawa a nan shi ne na mai kyakkyawar niyya da ya ga kwandalar kakansa ta yi duhu, ya sa toka ko lemon tsami ya dirje ta har ta yi walƙiya. Ya kankare fatar da ta fito da ita daga maƙera, kuma ba ta dawowa. Masu tantancewa ba sa ba irin wannan maki. Sai dai su rubuta cewa an goge ta, darajarta ta faɗi warwas.

Tsufa shi kaɗai ma ba hujja ba ne, kuma ƙasar Hausa tana da shaidar haka a cikin adakar tsofaffi. Dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda fatake suka yi ciniki da ita a Kano da Borno, tana ɗauke da shekarar 1780. Wannan shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma da ita aka ci gaba da buga ɗaruruwan miliyoyi a ƙasashe daban-daban har zamaninmu. Galibinsu kuɗinsu bai wuce na azurfar da ke jikinsu ba sai da kaɗan.

Tambaya ta uku ce ta fi zafi a labarin kwandalar 1933. A 1996 wani dillali ɗan Ingila, Stephen Fenton, ya kawo ɗaya otal ɗin Waldorf-Astoria a Niyok don sayarwa, ashe tarko ne, jami'an tsaro suka cafke shi. Ana kyautata zaton ita ce ta Faruk, kuma tsohuwar takardar izinin nan ta 1944 ita ce ta ƙarfafa hujjarsa. Aka shekara biyar ana shari'a kafin a sasanta: a yi gwanjo, a raba kuɗin tsakaninsa da gwamnati. Ranar 30 ga Yulin 2002 aka sayar da ita dala 7,590,020. Ashirin ɗin ƙarshe an biya ta ne ga baitulmali, don kwandalar ta zama halastaccen kuɗin da gwamnati ta fitar da hannunta. Mai sayen ya ɓoye sunansa har 2021, lokacin da aka gane Stuart Weitzman ne, mai tsara takalman mata. Ita ce kwandalar da aka sake sayarwa dala miliyan 18.9 a shekarar.

Iyalan Switt ba su yi wannan sa'ar ba. 'Yarsa ta gano guda goma a akwatin ajiya na banki, a 2004 aka miƙa su ga hukumar buga kuɗi don ta tantance. Hukumar ta tabbatar da cewa na gaske ne, ta kuma ƙi mayarwa. Zinarensu ɗaya da na Faruk, zanensu ɗaya, shekararsu ɗaya. Abin da suka rasa takarda ce kawai. A 2011 masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa dukiyar gwamnati ce, a 2017 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar. Aka bar goman a ma'ajiyar zinare ta Fort Knox, iyalan ba su samu ko sisi ba.