Wankin hoto a gida: daga ina fararen ɗigo ke fitowa?

Duk wanda ya taɓa wanke fim na baƙi da fari da hannunsa ya san wannan takaici. An ɗauki hoton aure, an shiga ɗakin duhu, an wanke, an shanya, sai ga fararen ɗigo barbaje a fuskar amarya kamar an watsa mata tsaba. Biki kuwa ba a maimaita shi. Tun zamanin da marigayi Philippe Koudjina ke ɗaukar hotunan samarin Yamai a shekarun 1960 da 1970, har zuwa ƴan tsirarun da suka riƙe sana'ar bayan salula ta mamaye ta, abokan gaba ba su sake ba: ƙura, ruwa da zafi.

Kowane ɗigo yana faɗin asalinsa ga wanda ya iya dubawa. Negatif kishiyar hoto ne: abin da ya tare haske a kansa fari yake fitowa a takarda, inda ya bar haske ya wuce kuma baƙi. Saboda haka, kafin a zargi mai sayar da fim, kamata ya yi a karkata negatif a gaban fitila, a duba shi gaba da baya.

Mafi yawan fararen ɗigon takarda ƙura ce. Fim mai danshi danƙo gare shi, iskar hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, ba ta barin ɗaki a Damagaram ko Maraɗi. Ƙurar da ta sauka bayan bushewa ana hure ta. Wadda ta manne tun yana jiƙe sai an sake wanke shi. Dabarar ita ce a yayyafa ruwa a ƙasa, a kashe panka, a rufe ƙofa har ya bushe.

Idan tabon ya yi zobe fari a gefen da ke ƙyalli, laifin ruwa ne. Ruwan rijiya mai farar ƙasa yana barin sawunsa in ya ƙafe. Ɗauraya ta ƙarshe sai a yi ta da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ba, a sa Photo-Flo mililita 5 cikin lita 1.

Magani ma yana da nasa kason. Garin D-76, wanda kamfanin Kodak ya fitar a 1927, ana narkar da shi ne a ruwa mai zafin digiri 50, a bar shi ya kwana, a tace. Ƙwayar da ba ta narke ba tana barin baƙin ɗigo a negatif, fari a takarda. Fiksater da ya tsufa, ya yi gurɓi da wari, yana zubo da farar wuta a kan fim. Makomarsa a sake wani.

Ƙananan da'irori kuwa, masu haske garau a cikin negatif, kumfar iska ce ta hana magani taɓa wurin. Baƙaƙe suke fitowa a takarda, kuma wanki ba ya gyara su. Rigakafinsu shi ne a buga gwangwanin wanki a kan tebur sau biyu ko uku da zarar an zuba magani.

Saura zafi. An tsara wanki a kan digiri 20, alhali Tawa tana haura 40 a watan Afrilu. Ruwa mai ɗumi yana tausasa fuskar fim, datti ya sami wurin kamawa. Da ƴar ƙanƙara ana daidaita ruwayen duka.

Mai sana'a na gari yana sauya abu ɗaya a kowane wanki, ya rubuta abin da ya gani. Wanda ya sauya komi lokaci guda, ko ɗigon ya ɓace, ba zai san abin da ya kore shi ba ranar da ya dawo.