Lauya Ɗaya, Mai Saye Da Mai Sayarwa: Cinikin Daji A Nil Azraƙ

A Amurka akwai kasuwa guda ta filayen farauta. Mutum ya sayi daji, ya riƙa zuwa harbin barewa lokacin da hukuma ta buɗe, ko ya ba wasu haya. A ƙauyukan Hausawa na Jazira da Nil Azraƙ a Sudan ba a kiran cinikin da wannan suna, amma ana yin irinsa. Wanda ya samu kuɗi a Mai Wurno ko Singa ko Damazin yakan so wani yanki na daji, ya yi noman damina a gefe, ya saki dabbobi, ya samu zabin daji da zomo. Dillali ya nuna masa wuri, sannan ya ce: "Alhaji, kada ka wahalar da kanka, muna da lauyanmu, shi zai rubuta komai." Daga wannan magana matsala take farawa.

Kafin a zo kan lauyan, sai an san ƙasar. Hausawa sun daɗe a nan. Mai Wurno, kudu da Sinnar, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa ta bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma daɗewa daban, rajista daban. Dokar rajistar ƙasa ta 1925 ta fi aiki ne a bakin kogi da cikin gandun Jazira. A 1970 gwamnatin Numairi ta yi dokar da ta mai da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakar gwamnati. Dokar mu'amalar farar hula ta 1984 ta maye gurbinta, ta amince da haƙƙin amfani ga wanda ya raya wuri, amma ba ta mayar wa mutane mallakar ba. Tun kafin nan, daga 1968, hukumar noman injina ta riƙa yanka dazuzzuka tana ba manyan manoma haya. Ke nan yawancin abin da ake tallatawa da sunan "dajina" hiyaza ce, wato riƙo, ba mallaka ba. Wani wurin burtali ne na makiyaya, wani kuma yana dab da gandun namun daji na Dindir, wanda aka keɓe tun 1935. Ko filin naka ne, namun da ke cikinsa ba naka ba ne. Dokar kare namun daji ta 1986 ta ɗora farauta a kan lasisi, cikin gandun Dindir kuwa an hana ta.

Duk wannan, aikin lauyan mai saye ne ya faɗa masa kafin kuɗi su fita daga aljihu. Shi zai je ofishin rajista ya ciro takardar da ake kira shahadat bahas, wadda ke nuna sunan wanda ke kan fili, faddan nawa ne, wato girmansa, da ko akwai jingina ko ƙara a kansa. Idan babu rajista, shi zai ce maka abin da kake saye riƙo ne kawai, kuma gwamnati na iya ba wani gobe. To ta yaya lauyan mai sayarwa zai faɗi wannan? Amanar da ke wuyansa ita ce ya rufa wa nasa asiri, ya samo masa farashi mai tsoka. Idan ya tona aibin filin ya ci amanar wancan, idan ya yi shiru ya ci taka. Taura biyu ba ta taunuwa, ko da lauyan mutumin kirki ne. Ni a ganina mutumin kirkin ma ya fi haɗari, domin shi ne ba ka bincika.

Akwai wani ruɗu da ya kamata a warware. A Sudan wasu lauyoyi suna da izinin tausiƙi, wato buga hatimin tabbatar da yarjejeniya. Hatimin yana shaida cewa wane da wane sun zo sun sa hannu. Ba ya haifar da mallakar da mai sayarwa bai taɓa samu ba. Mutane da yawa suna ganin tambari su ɗauka magana ta ƙare.

Karon bukata ba a wakiltar ɓangare biyu kaɗai yake ba. Lauyan da dillali ke kawo wa ciniki kullum ba zai so ya ɓata na yau ba. Wanda ladansa kaso ne daga kuɗin fili, idan cinikin ya rushe ya tashi a tutar babu. Mafi muni shi ne wanda ka aika ya duba maka wuri, ya ga yana da kyau, ya ce maka akwai rikici, sannan ƙaninsa ya saye. Malaman Malikiyya sun daɗe da toshe irin wannan ƙofa: wakilin da aka ba sayar da kaya ba ya sayar wa kansa sai da izinin mai kaya. A Najeriya ma ƙa'idojin aikin lauya sun wajabta wa lauya ya bayyana wa mai ɗaukarsa duk wata alaƙa ko bukata da yake da ita a cikin al'amarin. Saboda haka ba rashin kunya ba ne ka tambayi lauya ko ya taɓa yi wa mai sayarwa aiki, da kuma wa zai biya shi.

A wannan yanki kuskuren fili ba asarar kuɗi kawai yake jawowa ba. Rikicin Yuli da Oktoba na 2022 a Rusairis, Damazin da Wad al-Mahi, inda aka kashe ɗaruruwan mutane, an yi shi ne a kan ƙasa da sarauta, a kan wa ke da ikon cewa wuri nasa ne. Bahaushen da ya shiga daji da takardar lauya alhali bai ji ta bakin shehu da omda, masu sarautar gargajiya, da maƙwabta ba, ya sa kansa da danginsa a gaba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula lissafi. Wad Madani da Singa duk sun faɗa hannun dakarun RSF kafin sojoji su ƙwato su, masu filaye da dama sun watse, wani kuma zai zo maka da takardar taukili ya ce mai wuri ne ya wakilta shi. Idan lauyan da ya buga wa taukilin hatimi shi ne kuma zai rubuta maka yarjejeniyar saye, to babu wanda ya duba ko mai filin yana da rai, balle ko ya yarda a sayar.