Ban ruwan albasa da maƙalar falsafa

Ɗalibin jami'a, ko a Usmanu Danfodiyo yake a Sakkwato ko a Ahmadu Bello ta Zariya, da wuya ya fita bai ci karo da darasin falsafa da manɗiƙi ba. Ranar da aka ce ya yi rubutu kan ko ɗan Adam yana da zaɓi cikin abin da yake aikatawa, sai ya koma ga abin da ya saba tun sakandare: ya kawo ma'anar falsafa, ya jero Aflatun da Aristo da Imamu Gazali, ya cika shafi biyar, ya rufe da cewa masana sun yi saɓani. Takarda ta dawo da ɗan maki, ya ce malam mugu ne.

In ɗan Wurno ne ko Goronyo, ai ya ga yadda ake ban ruwan albasa da rani. Mai lambu ba ya tayar da inji ya bar ruwa ya malale gona. Hanya ɗaya yake ja, ya buɗe bakin fangali da hauya, ya jira ya sha, ya toshe da laka, sannan ya buɗe na gaba. Kuma ba ya zama gindin inji. Wando a naɗe yake bin hanyar ruwan, yana duba inda ɓera ya yi rami, ko inda saniya ta taka gefe ya rufta, domin ɓaraka ɗaya ta isa ta hana fangalin ƙarshe ganin ko ɗigo, ga fetur yana ta ƙonewa. To haka ake son maƙalar: magana ɗaya da marubuci ya tsaya a kai, ya faɗe ta tun farko, kowane dalili ya miƙa wa na gabansa har a kai ƙarshe.

Bin hanyar nan shi ne inda yawanci ke noƙewa. Ɗalibi ya san akwai hujjar da za ta iya rusa tasa, amma sai ya yi gum, yana fatan malam ba zai tuna da ita ba. In ma ya kawo ta, gurguwa yake kawowa, wadda ko yaro zai ture. A ganinsa ambaton ƙarfin abokin gardama tona asirin kai ne.

Abin mamaki, magabatan ƙasar nan ba haka suka yi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a can a 1837, kuma can kabarinsa yake, ya yi musayar wasiƙu da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno. Tambayar al-Kanemi mai zafi ce: tunda saɓo ba ya fitar da Musulmi daga addini, da wace hujja su Bello ke yaƙar mutanen Borno da ke salla da azumi? Da Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya sa maganar al-Kanemi a ciki da ƙarfinta, sannan ya bi ta da amsa. Mai karatu a yau yana iya auna su biyun, wani ma ya tashi yana ganin a wasu wurare Borno ta fi hujja, alhali cikin littafin Bello ya karanta ta.