Hunturu a kan hanya: abin da direban babbar mota ya kamata ya sani

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas ta lulluɓe ƙasashen Sahel da hazo. Kaso mai yawa na wannan ƙura yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Ga direban da ya ɗauko kaya daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ko wanda ya nufi Agadas da Arlit ta Tawa, wannan yanayi na iya shafar lafiyarsa da motarsa da dukiyar da aka ba shi amana.

Babban haɗarin yana tsakanin nisan da ido ke gani da nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan tana ɗauke da kaya, daga lokacin da direba ya hango abu zuwa tsayawarta cak, za ta iya cin kusan mita 100. Ranar da hazo ya yi kauri, amalanke ko garken shanu ko motar da ta lalace a kan kwalta ba sa bayyana sai an zo dab da su. Amma idan aka rage gudu zuwa rabi, nisan da burki ke buƙata yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙa'idar ke nan: kada gudu ya wuce abin da ido ke iya gani.

Fitila ma tana da nata sharaɗi. Wadda ke haska nesa takan bugi ƙura ta dawo idon direba, don haka ta ƙasa ta fi amfani, ko da rana tsaka. Idan hanya ta rufe gaba ɗaya, a sauka daga kwalta sosai, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alama mai ƙyalli can baya. Rassan itacen da aka saba jerawa a titi ba a hango su cikin hazo.

Ita ma mota tana jin jiki. Ƙura na toshe matatar iska, sai injin ya rasa ƙarfi, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi, ya ƙara shan mai. A duba ta kowace safiya, kuma kada a buga ta da ƙasa, domin ƙaramar yagewa ta isa ta bar yashi ya shiga injin. Sanyin asuba na rage ƙarfin batir, shi ya sa injin dizal ke yin gardama wajen tashi. Hura wuta a ƙarƙashin mota don ɗumama ta ganganci ne. Iskar taya kuma na raguwa idan gari ya yi sanyi, saboda haka a auna ta da safe kafin a fara tafiya.

A arewa, dare na yin sanyi ƙwarai, har an taɓa samun ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da sifiri a Bilma. Nan ne wasu ke shigar da kaskon gawayi cikin mota su rufe gilashi. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kashe mutum yana barci. Bargo da rigar sanyi sun fi aminci, ga direba da yaron mota duka.

Rawani ko takunkumi na rage shaƙar ƙura, man kaɗe na hana kaushi da tsagewar leɓe. A yawaita shan ruwa ko ba a jin ƙishi, domin busasshiyar iska na zuƙe ruwan jiki. Lokacin rani ne kuma sanƙarau ya fi yaɗuwa a Sahel: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya na buƙatar asibiti mafi kusa nan take. Ƙwayoyin hana barci kuwa ba sa kawar da gajiya, ɓoye ta kawai suke yi.

Sauran nauyin yana kan masu motoci da masu kaya. Direban da aka ƙayyade wa ranar isa kamar ta lokacin da gari yake garau, tilas ya yi gudu cikin hazo ko ya kwana yana tuƙi. Ƙarin kwana ɗaya a yarjejeniyar kai kaya ya fi sauƙi a kan asarar mota da kaya da rai.