Abin Da Ɓawon Ƙwai Yake Gaya Mana

A wajen taron ƙungiya, mata sukan kawo mini kuka a kan kajinsu. Wata ta ce kazarta tana saka ƙwai taɓas-taɓas, ba ɓawo. Wata ta ce nata duk ya yamutse. Har waɗansu suna zargin maƙwabta da sammu. Wannan ba aikin kowa ba ne. Akwai dalili, akwai kuma magani.

Kaza takan yi kamar awa 25 kafin ta gama haɗa ƙwai ɗaya. Wajen awa 20 daga ciki, ɓawo take ginawa, yawanci da dare. Abin ginin shi ne kalsiyam, sinadarin da ke cikin ƙashi da ɓawon kodi. Kaza mai saka tana bukatar wajen giram 4 kowace rana, amma dawa da masara da dusa ba su da shi sai kaɗan. In ba ta samu a abinci ba, sai ta ɗebo daga ƙashinta, har ta kasa tsayuwa.

1. Ƙwai marar ɓawo, ko mai saurin fashewa. Sagara mai fara saka takan yi haka kwanaki kaɗan, ta daina. In abin ya ci gaba, kalsiyam ne ya gaza. Zafin bazara ma yakan jawo shi, gama kaza tana haki, ba ta cin abinci sosai.

2. Ƙwai mai tabo kamar ɗamara a tsakiya. Ya tsage ne tun a ciki, jiki ya liƙe shi. Firgita ko cunkoso a akurki da yamma ke kawo wannan.

3. Ƙwai mai kaushi kamar yashi. An fi gani ga tsofaffin kaji.

4. Ƙwai mai yamutsa ko karkatacce. In kaji da yawa suka yi haka gaba ɗaya, ga tari, ga zawo, to cuta ce, irin annobar nan ta hunturu. A ware marasa lafiya, a kira malamin dabbobi ran nan.

Ga abin yi. A tara ɓawon ƙwai, a gasa, a dandaka. A ƙona ƙashi, a daka. A zuba a kasko dabam, kaji su riƙa tsinta da la'asar. A ajiye ruwa a inuwa. A bar su su sha hantsi, domin hasken rana yana taimakon jiki ya ɗauki kalsiyam. Kada a ba kaza irin wannan ƙwai ta kwanta. In bai fashe ba, a dafa shi sosai a ci ran nan.

Maganin rigakafin annobar kaji kuwa, ana yinsa a Vom, kusa da Jos. Kwalba ɗaya ta ishi kajin gidaje da yawa. Ƙungiya ta haɗa kuɗi ta saya kafin hunturu ya shigo.

Ubangiji ya sa albarka a kiwonku.