Ƙwan Jatan Landen Gishiri: Yadda Ake Ajiye Shi Da Yadda Ake Ƙyanƙyashe Shi

Masu kiwon kifi, ko na ado cikin akwatin gilashi ko tarwaɗa don kasuwa, sun san cewa kwanakin farko na 'ya'yan kifi su ne mafi wuya. Ɗan tarwaɗa yakan rayu kamar kwana uku da kwanduwar da ya fito da ita daga ƙwai. Da ta ƙare, in bai sami abincin da ya yi daidai da ɗan bakinsa ba, sai mutuwa, kuma dubbai ne ke tafiya cikin kwana kaɗan. Abincin da aka fi dogara da shi a wannan lokaci shi ne 'ya'yan wani ƙaramin jatan lande mai suna Atimiya, wanda ake sayar da busasshen ƙwansa cikin gwangwani. Daga ƙasashen waje ake kawo shi, da dala ake sayensa, saboda haka ɓarnarsa hasara ce babba.

Asalinsa

Atimiya tana zama a tafkuna da fatakun gishiri inda ruwa ya yi gishirin da kifi ba ya iya rayuwa a ciki. In zama ya yi daɗi, macen takan haifi 'ya'ya masu rai. In kuwa gishiri ya yi yawa ko sanyi ya matso, sai ta zuba ƙwai masu ɓawo mai tauri. Ɗan da ke ciki yakan dakata da girma, kamar irin shuka a rumbu, har shekaru, muddin yana bushe. Ƙwan kamar rairayi mai laushi yake, ruwan ƙasa-ƙasa, kuma gram 1 yana ɗauke da ƙwai fiye da 200,000.

A 1933 ne Alvin Seale, na gidan nunin kifi da ke San Faransisko a Amurka, ya ba da labarin cewa 'ya'yan Atimiya abinci ne mai kyau ga 'ya'yan kifi. A 1939 Gunnar Rollefsen ya nuna haka a ƙasar Norwe da kifin teku. A 1978 aka kafa cibiyar nazarin Atimiya a Jami'ar Gent ta ƙasar Beljiyam.

Babban Tafkin Gishiri da ke jihar Yuta a Amurka yana cikin manyan wuraren da duniya ke samun wannan ƙwai. Ana kwasarsa a kan ruwa daga watan Oktoba zuwa Janairu, kuma hukumar jihar takan tsayar da kwasa in ƙwan da ya rage a tafkin ya yi ƙasa, domin a bar iri. A Nuwamba 2022 ruwan tafkin ya ja baya fiye da yadda aka taɓa aunawa, saboda fari da kuma janye ruwan koguna zuwa gonaki. Abin da ya sami wannan tafki yana iya taɓa aljihun mai ƙyanƙyasar tarwaɗa a Kaduna ko Jos.

Ajiya

Abokan gaban ƙwan nan uku ne: laima, zafi da iska. Da ƙwai ya sha laima, ɗan da ke ciki yakan farka ya fara cin guzurinsa, amma ruwan bai isa ya ƙyanƙyashe ba. In haka ta daɗe, ran da aka zuba shi a ruwa ba shi da sauran ƙarfin fasa ɓawo. Shi ya sa gwangwanin da aka bari a buɗe cikin damina yakan lalace da sauri.

Da ka buɗe gwangwani, ka ɗebi na mako biyu ko uku ka zuba a ƙaramar kwalba mai murfi, ka sa a firij. Sauran kuma ka raba shi ƙulli-ƙulli a leda, ka matse iskar, ka sa cikin kwalba mai rufuwa sosai, ka ajiye a firiza. In ka fitar da kwalba daga sanyi, kada ka buɗe nan take. Bari ta huce tukuna, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan ƙwan. Wanda ya fito daga firiza kuwa, a bar shi 'yan kwanaki a ɗaki cikin rufaffiyar kwalba kafin a ƙyanƙyashe. A riƙa ɗiba da busasshen cokali. Inda ba firij, a nemi wuri mafi sanyi da duhu a gida, a kuma sayi kaɗan. Mutum uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su raba gwangwani ɗaya.

Ƙyanƙyasa

Kayan aiki ba su da yawa: gorar roba mai lita ɗaya da rabi ko biyu, ƙaramin injin hura iska na akwatin kifi, siririn tiyo, gishiri da fitila. A yanke gindin gorar a kifa ta, baki a ƙasa kamar mazurari, da murfinta a rufe. Amfanin wannan siffa shi ne ƙwai ba ya samun lungun da zai kwanta.

A kowace lita ta ruwa a zuba gishiri kamar gram 25, wato wajen cokalin cin abinci ɗaya da rabi. An fi son gishirin da ba a sa masa aidin ba. In ruwan famfo ne mai kulorin, a bar shi ya kwana a buɗe. A ƙara ɗan bekin soda kaɗan, domin ƙwan ba ya son ruwa mai tsami. A kula: bekin soda na girki ake nufi. Sodar da ake haɗa sabulu da ita za ta kashe kome.

Sai a zuba ƙwai, kada ya wuce gram 2 a lita. A tura tiyo har ƙasan gorar, iska ta riƙa juya ƙwan ba tsayawa. A bar fitila a kunne kusa, musamman a sa'o'in farko, gama haske yana taimakawa wajen tada ɗan da ke ciki. Ɗumin ruwan da ake so shi ne digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, kuma da haka yawancin ƙwan zai fashe cikin awa 18 zuwa 24. Cikin sanyin hunturu abin yakan kai awa 36 ko fiye, sai a matso da ƙwan lantarki ya ɗumama ruwan. A zafin bazara kuwa a kai gorar inuwa, domin in ruwa ya haura digiri 33 ƙyanƙyasa takan lalace. Wanda wutar lantarki ke yawan ɗauke masa ya tanadi injin iska mai batir, domin in iska ta tsaya na sa'o'i ƙwan yakan taru a ƙasa ya shaƙe.

Kwasa da ciyarwa

In lokaci ya yi, a kashe iska a jira minti 5 zuwa 10. Ɓawon da ya fashe zai taso sama, ƙwan da bai fashe ba zai kwanta can ƙasa, 'ya'yan kuma masu ruwan lemo za su taru inda aka haska tocila, don haske suke bi. A zuƙe su da tiyo zuwa cikin yadi mai laushi, a ɗauraye da ruwa marar gishiri, sa'an nan a ba kifi. Kada ɓawo ya bi, gama ba ya narkewa, yana iya toshe hanjin ɗan kifi.

Tsawon sabon ɗan Atimiya bai kai rabin milimita ba sosai, kuma lokacin da ya fito ne ya fi amfani. Bayan awa 6 zuwa 8 yakan sāke fata, ya ƙara girma, guzurinsa ya ragu. Abin da ya saura a sa shi a firij cikin ruwan gishiri, zai kai kwana guda. A ruwan kifi marar gishiri kuwa sa'o'i kaɗan yake yi ya mutu, don haka a ba da kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ragowa ta ruɓe ta ɓata ruwa. Akwai kuma ƙwan da aka cire wa ɓawo tun daga kamfani, wanda 'ya'yan tarwaɗa ke ci kai tsaye bayan an jiƙa shi.

Shawara ta ƙarshe, 'yan'uwa: a gwada ƙwai da ɗan kaɗan kwana biyu ko uku kafin kifi ya haihu, a kuma sa gora biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma, domin abinci kada ya yanke. Ranar da 'ya'yan kifi suka buɗe baki, lokacin neman wani gwangwani ya riga ya wuce.